Sunan da Baba Ya Laƙaba wa Yaya

Bayan addu'ar arba'in ɗin Baba, Allah Ya jiƙansa da rahama, aka raba abin da shari'a ta ce a raba. Saura wani koren akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗakinsa, babu wanda ya ce yana so. Mazan gidan sun leƙa, sun ga tsofaffin littattafan Turanci ne da gara ta soma taɓawa, suka ce mu mata mu ji da shi. Mu huɗu ne: Yaya, mu biyu na tsakiya, sai Auta. Bayan la'asar muka jawo shi tsakar gida, muka shimfiɗa tabarma, muka buɗe. Ƙanshin kafur da na tsohuwar takarda ya buge mu, sai ka ce Baba ne ya ɗaga labule ya shigo.

Baba malamin Turanci ne, ya fi shekara talatin yana koyarwa a wata kwalejin horar da malamai. Littattafan aikinsa a kan kanta suke. Na cikin akwatin nan kuwa na jin daɗinsa ne, ƙananan littattafan nan na kamfanin Penguin masu ruwan lemo a gefe, galibinsu na ban dariya, kusan rabi na wani Bature ne ɗan Ingila, P. G. Wodehouse. In an ɗauke wuta da dare yakan kunna fitilar ƙwai, ya karanta shafi guda da Turanci, ya dakata ya mayar mana da shi Hausa yana kwaikwayon muryoyi. Bertie Wooster, saurayin nan mai kuɗin gado da ƙarancin basira, a bakin Baba ya zama ɗan sarautar da bai iya komai ba sai ado. Jeeves, baransa mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda kullum shi ke tsamo shi daga rami, ya zama bafaden da ya fi ubangidansa sanin fada. Gwaggon Bertie, Agatha, ita kam ba ta bukaci fassara ba, don mu ma muna da tamu Gwaggon.

A cikin waɗannan darare Yaya ta sami suna.

Akwai wata budurwa a littafin The Inimitable Jeeves na 1923, sunanta Honoria Glossop. 'Yar babban likitan ƙwaƙwalwa ce, ta yi karatu a kwalejin Girton ta Jami'ar Kambirij, ga ƙarfin jiki, ga murya, in ta yi dariya har ɗaki amsawa yake yi. Gwaggo Agatha ta ƙudura sai Bertie ya aure ta don ta mai da shi mutum. Ita ma Honoria ta ɗauki aikin da gaske, ta soma ɗura masa littattafai masu nauyi, ta kuma ce da zarar an ɗaura aure Jeeves zai kama gabansa. Yadda aka rabu da ita shi ne abin da ke sa mu birgima a tabarma: ranar da uban yarinyar ya zo cin abinci don ya auna hankalin surukinsa, sai ga kyanwa uku a ɗakin kwanan Bertie, ga kifi, ga hular likitan kansa da aka fizge masa a titi. Mutumin ya fita da tabbacin yaron nan taɓaɓɓe ne, aure ya watse, Bertie ya sha da ƙyar.

To, Yaya ita ce ke zuwa ta ɗaya a aji. Ita ce mai gyara wa mutum magana ko da baƙo ne. Dariyarta kuma daga zaure ake jin ta. Wani dare Baba ya ɗago daga littafin, ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ga tamu Honoriyar nan. Shi ke nan. Gida ya ɗauka. Har Umma da ba ta jin Turanci takan ƙwala kira, Hanoriya zo ki sauke tukunya. Mu ƙannenta mun fi kowa jin daɗin sunan, don shi kaɗai ne sandar da muke iya dukanta da ita ba a hukunta mu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka Baba irin mutanen nan ne masu tsoron karatun 'ya mace. Shi ya tsaya tsayin daka har mu huɗu muka gama jami'a. Lokacin da Yaya take shekara ta uku tana karatun haɗa magunguna, manemi na biyu ya janye, danginsa suka ce boko ya yi mata yawa, Gwaggo ta zo har gida da kukanta tana cewa a cire yarinyar nan tun kafin ta rasa mashinshini. Muna laɓe muna ji Baba ya ce mata, Yaya, wanda karatunta ya kora dama ba mijinta ba ne. Ranar ba mu taɓa jin alfahari da mutum kamarsa ba. Da daddare kuma, da Yaya ta kawo masa shayi idanunta a kumbure, ya ce sannu Honoriya, an sake sakin kyanwoyi ke nan. Ya faɗa ne don ta yi dariya. Ta kuwa yi.

A kan tabarmar nan, shekaru talatin da ɗoriya bayan haka, Yaya ta ciro littafin, ta buɗe wurin ba tare da ta nema ba, ta karanta a zuci. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, kun san na tsani sunan nan?

Muka yi tsit. Auta ce ta iya cewa, haba Yaya, me ya hana ki faɗa tun tuni?

Ta ce, in na faɗa ai na tabbata Honoriya ke nan. Wadda ba ta san wasa ba.

Wannan magana ita ta hana mu raba littattafan a ranar. Muka ce sai mun sake karanta su tukuna, a matsayin manya, mu ga abin da muka yi ta wa dariya. Wata shida muna yi, littafi na tashi daga wannan gida zuwa wancan a jakar ɗan aike, muhawara kuma a saƙon murya na WhatsApp bayan yara sun yi barci. Mijin ɗayarmu ya ji mu wani dare ya ce, to, an zama 'yan rajin 'yancin mata ke nan, a kan littafin da marubucinsa ya mutu tun 1975. Muka ce a bar mu, ta'aziyya muke yi.

Abu na farko da ya ba mu mamaki, har yanzu Wodehouse yana da ban dariya. Mun so a ce ya lalace, da hukunci ya zo da sauƙi. Ina! Mutumin ya iya jera magana, ya iya ƙulla rikici ya kwance shi kamar mai saƙar tabarma. Abu na biyu kuwa, da muka duba zamanin, sai dariyar ta sauya ɗanɗano. An kafa Girton a 1869 don mata su sami ilimin jami'a, amma Kambirij ba ta yarda ta ba mata cikakken digiri daidai da maza ba sai 1948. A shekarar da littafin ya fito, mace a Ingila ba ta da ƙuri'a sai ta kai shekara talatin, hakan ma tun 1918 ne kawai, kuma sai 1928 aka daidaita su da maza. Wato budurwa irin Honoria ta zauna jarrabawa ɗaya da samari, an hana ta matsayin da aka ba su, ba ta isa ta zaɓi ɗan majalisa ba, sannan a littafi ita ce dodon da ake gudu. Bertie da bai taɓa yin aikin kwana ɗaya ba shi ne abin tausayi.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai Florence Craye, wadda ta tilasta wa Bertie karanta wani ƙaton littafin falsafa, tana shirin ɗora masa Nietzsche a kai, ita ma Jeeves ya yi dabarar da aka rabu da ita. A ɗaya gefen akwai Madeline Bassett, mai taushin zuciya har ya zama wauta, wadda ke ganin taurari da zomaye ta hau hawaye. Mai ƙwaƙwalwa abin tsoro, marar ita abin gudu. Har wurin da muka fi yaba wa marubucin sai da muka tsinci ƙashi a ciki. A The Code of the Woosters na 1938 ya yi wa 'yan fasist na Ingila ba'a mai zafi ta hanyar Roderick Spode, ƙaton da ke son zama mai mulkin kama-karya, mabiyansa na yawo da baƙaƙen gajerun wanduna. Madalla. To amma mene ne asirin da ake murɗe masa kunne da shi har ya zama rago? Yana da shagon kayan ciki na mata, shi ke zana su da kansa. Mutumin da ke barazanar karya wuyan mutane bai ji kunyar wannan ba, abin kunyarsa shi ne a san hannunsa na taɓa sana'ar mata.

Auta ita ce lauyar Wodehouse a cikinmu, kuma ba ta rasa hujja ba. Ta ce ku duba mazan mana, akwai mai hankali ɗaya a cikinsu ban da bara? Ta ce ga Gwaggo Dahlia, mace mai murya kamar ta Honoria, tana da mujallarta ta mata, tana juya mijinta da Bertie yadda ta so, kuma marubucin a fili yake ƙaunarta. Gaskiya ne. A duniyar Wodehouse mata ne masu nufi da ƙuduri, maza kuwa kaji ne da aka watsa wa tsaba. Sai dai Bertie ne ke ba da labarin. Wautarsa daga ciki muke jin ta, muna jin bugun zuciyarsa, shi ya sa muke yafe masa. Honoria daga waje kawai muke ganinta, murya ce da dariya da damtse. Ba a taɓa barinmu mu zauna da ita a daren da aka ce mata auren ya fasa ba.

A nan ne muka koma ga abin da muka sani tun muna goye. Bahaushe ba baƙon barkwanci ba ne. Jika na tsokanar kaka, taubasai na yi wa juna tsiya, Bafillace da Babarbare in sun haɗu a tasha sai an raba su da dariya, haka Bakatsine da Banufe, haka Bagobiri da Bayarabe. Maganganun da ake faɗa a wasannin nan in aka rubuta su a takarda sai a ce za a yi yaƙi. Abin da ya sa ba a yi shi ne kowa na da bakin ramawa. Ka ce masa bawanka, ya ce maka kai ne nasa, a tashi babu wanda ya bi wani bashi. Ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da aka buga tun 1934, abin da ke riƙe da dariyarsa har yau shi ne Alhaji Imam da Malam Zurƙe kowa na shuka wa ɗan'uwansa tsiya yana girba, yau wannan ne a ƙasa, gobe wancan. Ranar da aka ɗaure wa ɗaya baki aka bar ɗayan yana yi, sunan abin ya tashi daga wasa. Honoria ba ta da bakin ramawa a littafin. Yaya ma ba ta da shi a gidanmu, don wa zai rama wa ubansa?

Da muka zo kan Lucky Jim na Kingsley Amis, wanda ya fito a 1954, ko Auta ajiye lauyancinta ta yi. Baba na son littafin nan ƙwarai, wataƙila don labarin ƙaramin malami ne, Jim Dixon, da ke koyar da tarihi a wata jami'ar lardi, yana lallaɓa wani farfesa mai surutu don kada a sallame shi. Mun tuna yadda Baba ke shiɗewa da dariya a wurin da Jim ya kwana a gidan farfesan a buge, sigarinsa ta ƙona zanen gado da bargo, ya tashi da safe yana yanke wuraren ƙunar da reza wai don ya ɓoye ɓarna. Wurin nan har gobe yana da daɗi. Abin da Baba ke tsallakewa, ko mu ne ba mu lura ba, shi ne Margaret Peel. Malama ce a jami'ar kamar Jim, har ta ɗan fi shi matsayi. An zana ta marar kyau, marar iya sa kaya, mai dariyar ƙarya, mai riƙe namiji da kuka. Ta sha ƙwayoyin barci don ta kashe kanta, kuma kafin littafin ya ƙare sai an nuna mana shiri ne ta yi don ta jawo tausayin maza biyu. Da ta rikice tana kururuwa, mari aka ba ta da giya, aka wuce wurin. Ladan Jim a ƙarshe aiki ne a Landan da kyakkyawar budurwa, Christine, wadda ba ta da wani nauyin karatu da zai dame shi. Masu tarihin adabi sun daɗe suna cewa an ɗauko siffar Margaret ne daga Monica Jones, malamar jami'a a Lesta, abokiyar mawaƙi Philip Larkin wanda aka sadaukar wa littafin. A lokacin mace ce mai rai, tana shiga aji tana koyarwa, alhali ɗalibanta na iya sayen littafin a kanti.

Wodehouse tsoron mace mai ilimi yake mayarwa wasa, kuma rabin wasan a kan matsoracin yake faɗawa. Amis haushinta yake ji. Ɗayarmu da ke koyarwa a jami'a ta ce ta san kallon nan, ta sha ganinsa a ɗakin taro duk lokacin da ta ɗaga hannu karo na biyu.

Sai kuma muka ci karo da fensirin Baba.

A ƙasan akwatin akwai Black Mischief na Evelyn Waugh, na 1932, wanda ya rubuta bayan ya je Habasha kallon naɗin Sarki Haile Selassie a 1930. Labarin wani sarkin Afirka ne na ƙage, Seth, da ya yi karatu a Okusfod ya dawo zai waye da ƙasarsa, komai ya taɓa sai ya zama shirme, har littafin ya kai ga cin naman mutum. Kusa da shi akwai Mister Johnson na Joyce Cary, na 1939, wanda ya yi aikin mulki a Borgu, ya kuma kafa labarinsa a Arewacin Nijeriya: baƙin akawu mai son zama Bature, mai waƙa da rawa da cin bashi, kamar yaro a jikin babba. Waɗannan biyun Baba bai taɓa karanta mana su ba. Gefen shafukansu kuwa cike yake da rubutunsa. Wani wuri ya ja layi biyu, wani wuri alamar tambaya, wani wuri kalma ɗaya tak da Hausa: ƙarya. Haka a Thank You, Jeeves na 1934, inda Bertie ya shafa baƙin man takalmi a fuska don ya saje da makaɗa baƙaƙen fata, Baba ya zagaye wata mummunar kalma da Turawa ke kiranmu da ita, ya danna fensirin har ya huda takardar.

Ashe ya gani. Duk inda dariyar ta juyo kan baƙin mutum mai ilimin boko, wato shi kansa, idonsa a buɗe yake, ransa kuma ya ɓaci. Muka koma muka bi shafukan Honoria ɗaya bayan ɗaya, da na Florence, da na Margaret. Fes suke. Ko ɗigo babu.

Mun daɗe a kan wannan. Ba fushi muka yi da shi ba, wani abu ne mai kama da kewa, irin son a ce yana nan a nuna masa. Mun san abin da zai yi, zai cire tabarau ya goge da bakin riga, ya yi shiru, don shi mutum ne da hujja ke kamawa. Bai sami wanda zai nuna masa ba ne, mu kuma da za mu iya muna can muna tafi.

Laifi tudu ne. Namu tudun a littafin Stella Gibbons muka taka shi, Cold Comfort Farm, shi ma na 1932. Yana cikin akwatin amma kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Mace ce ta rubuta, kuma jarumar, Flora Poste, Honoria ce da aka miƙa wa ragamar labari: marainiya 'yar shekara goma sha tara, mai ilimi, mai son tsari, ta je gidan danginta a ƙauye ta tarar kowa na cikin baƙin ciki da hauka, ta bi su ɗaya-ɗaya ta gyara musu rayuwa. A nan shisshigin mace mai wayo shi ne maganin, ba shi ne cutar ba. Har akwai wani marubuci a ciki, Mista Mybug, da ke rubuta littafi don ya tabbatar wai ba 'yan matan gidan Brontë ne suka rubuta littattafansu ba, ɗan'uwansu namiji ne. Mun yi shewa. Mun ce ga ramuwa ta zo, ashe tun a wancan zamanin ana iya ba da dariya ba tare da an taka mace ba, ba wai lokacin ne bai kai ba. Sai da muka gama murna Auta ta turo saƙo: kun lura ainihin sunan Mybug Meyerburg ne, sunan Yahudawa, kuma da wannan ma ake masa ba'a? Kun lura mutanen ƙauyen nan kamar kayan ɗaki Flora ke jera su? Ba mu lura ba. Mu da in mun je ƙauyen su Umma biki muke dawowa da labaran yadda suke magana, muna kwaikwayo a mota. Mu da muke dariya in an nuno ɗan ƙauye a fim yana tsoron lifta, ko bazawara, ko 'yar aiki. 'Yar boko mai taurin kai da sai ta sha wuya take yin laushi, ita kaɗai ce ke ɓata mana rai a fim, don ita ce mu.

A 2023 kamfanin da ke buga littattafan Wodehouse ya sake fitar da wasu da gargaɗi a farkonsu, ya kuma cire kalmomin wariyar launin fata irin wadda Baba ya huda. Kanmu bai haɗu a kan wannan ba. Biyu sun ce daidai ne, yaro ba ya bukatar cin karo da zagin kakanninsa a tsakiyar nishaɗi. Biyu sun ce a bar shi yadda yake a san ko su wane ne suka rubuta, don wanke littafi wanke marubuci ne. Inda muka haɗu shi ne, kalma ɗaya ana iya goge ta, amma Honoria ba ta goguwa. Babu wata mummunar kalma a kanta da edita zai kama. A ginin labarin abin yake, a wanda aka ba baki da wanda aka hana, da wanda ake sauke ajiyar zuciya in ya fita daga ɗaki.

Ranar rabo ta zo. Malamar jami'ar ta ɗauki Lucky Jim, ta ce tana da aiki da shi. Masu rubutun fensiri muka ce ba za a raba su ba, za su riƙa zagayawa. Muna jiran mu ga wanda Yaya za ta ture, sai ta miƙa hannu ta ɗauki The Inimitable Jeeves ta sa a jaka. Ta ce nata ne, ta biya kuɗinsa tuntuni.

Yaya ta yi aure tana da shekara talatin da huɗu, 'yarta ta fari yanzu tana sha huɗu, kuma ta gado dariyar nan kaf. Da hutun da ya wuce muka je gidan muka tarar Yaya na karanta mata littafin, shafi da Turanci, shafi da Hausa, da muryoyin Baba, har da yadda yake shaƙe murya in ya zo kan Gwaggo Agatha. Ba ta tsallake komai ba, ba ta kuma yi wa yarinyar wani sharhi ba. Aka zo wurin kyanwoyi, yarinya ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Da ta lafa sai ta ce, amma Mama, ai ita Honoria ce ta tsira, da ta auri wannan sakaran fa?

Yaya ta dube mu, muka dube ta. Sai ta fashe da dariyar nan tata, ta ainihi, wadda muka kwana biyu ba mu ji ba, har maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko lafiya.

Akwatin yana wurin Auta, barguna take ajiyewa a ciki.